Bayani: Yadda ake fitar da bidiyon gida daga manhajar tacewa da tsarin fayil ɗin da ya fi dacewa da ajiya

A birnin Gombe, kamar sauran biranen Arewa, da wuya a yi bikin aure ko suna ko saukar Alƙur'ani ba tare da an ga mai ɗaukar bidiyo yana kai-kawo a tsakanin jama'a ba. Daga Jekadafari zuwa Pantami, daga Bolari zuwa Tudun Wada, iyalai kan biya kuɗi a ɗauki taronsu, a tace shi a kwamfuta, sannan a miƙa musu a filash ko a tura musu ta waya.

Matakin ƙarshe na wannan aiki, wato fitar da bidiyon daga manhajar tacewa zuwa fayil, shi ne wanda aka fi yi cikin gaggawa. Amma a nan ne ake yanke ko bidiyon zai buɗu a talabijin ɗin falo a yau, da kuma ko jikoki za su iya kallonsa bayan shekara 30. Fayil guda ba ya biyan waɗannan buƙatu biyu yadda ya kamata, don haka ƙa'idar da masu adana kayan tarihi ke bi ita ce a fitar da kwafi biyu: ɗaya na ajiya mai cikakken inganci, ɗaya na rabawa mai sauƙin nauyi.

Abin da ke ajiye a gidaje

Auren da aka ɗauka a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, wato 1996, galibi yana kan kaset ne na VHS, tsarin da kamfanin JVC na Japan ya fito da shi a 1976. Bayan kaset, faifan VCD ya shigo gidaje, sannan DVD, sai kuma ƙananan kaset na MiniDV da masu ɗaukar biki suka yi amfani da su. Daga baya wayoyin hannu suka zo da ƙananan fayilolin 3GP, kafin MP4 ya mamaye ko'ina.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo ne da na'urarsa, kuma na'urar kan riga abin da aka ɗauka ɓacewa. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallon VHS, ya daina a 2016. Yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ma ba sa zuwa da wurin saka faifai. Ke nan gida ɗaya zai iya mallakar tarihinsa a kan tsari huɗu ko biyar, amma babu na'urar buɗe uku daga ciki.

Fayil ɗin aiki ba bidiyo ba ne

Kuskuren farko da sababbin masu tace bidiyo kan yi shi ne ɗaukar fayil ɗin aiki a matsayin bidiyon da aka kammala. Idan aka danna maɓallin Save a manhaja irin su Adobe Premiere Pro, ko DaVinci Resolve, ko Filmora, abin da ake ajiyewa jerin umarni ne kawai: a yanko daga nan zuwa nan, a sa wannan sauti, a rubuta sunan ango da amarya a wuri kaza. Hotunan da kansu ba sa ciki. Shi ya sa irin wannan fayil yake da ƙanƙanta, kuma ba ya buɗuwa sai a manhajar da ta ƙirƙire shi, tare da duk ainihin hotunan a inda aka bar su.

Bidiyon da za a iya kallo yana samuwa ne ta maɓallin da aka rubuta wa Export, ko Share, ko Deliver, gwargwadon manhajar. Haka abin yake a manhajojin waya irin su CapCut da KineMaster da InShot: aikin da ba a fitar ba yana zaune ne a cikin manhajar, kuma zai iya tafiya idan aka goge ta ko wayar ta lalace.

Manhajojin kansu ba sa dawwama. Kamfanin Microsoft ya janye Windows Movie Maker a watan Janairun 2017, duk da yawan masu amfani da ita. Wanda ya bar bikin gidansu a fayil ɗin aikin wannan manhaja kaɗai, sai ya nemo tsohuwar kwamfuta kafin ya ga abin da ya haɗa.

Mazubi da kodek

Kowane fayil ɗin bidiyo yana da abubuwa biyu da ake yawan cuɗanya su. Na farko shi ne mazubi, wanda haruffan ƙarshen sunan fayil ke nunawa, kamar MP4 ko MOV ko MKV. Aikinsa shi ne ya riƙe hoto da sauti da rubutun fassara a wuri ɗaya, ya kuma daidaita tafiyarsu. Na biyu shi ne kodek, wato dabarar da aka bi wajen matse hoton da sautin domin su rage girma.

Ana iya kwatanta mazubi da ambulan, kodek kuwa da rubutun wasiƙar da ke ciki. Kowa zai iya buɗe ambulan, amma idan da ajami aka rubuta wasiƙar, wanda boko kaɗai ya iya ba zai karanta ba. Wannan ne dalilin da ya sa fayiloli biyu za su ƙare da MP4, talabijin ta nuna ɗaya ta ƙi ɗayan, ko kuma a ji sauti amma allo ya tsaya baƙi. Haka nan, sauya haruffan ƙarshen suna daga MOV zuwa MP4 da hannu ba ya canza komai a cikin fayil.

Mazuban da aka fi samu

MP4 ya zama ƙa'idar ƙasa da ƙasa a farkon shekarun 2000, kuma an gina shi ne a kan tsarin QuickTime na kamfanin Apple. Shi ne wanda ya fi karɓuwa: wayoyi da talabijin masu wurin saka filash da shafukan sada zumunta duk suna karanta shi.

MOV shi ne ainihin tsarin QuickTime, wanda ya fito a 1991. Wayoyin iPhone da kyamarori da dama suna ɗauka da shi, kuma masu tace bidiyo na amfani da shi wajen kwafi mai inganci sosai. Wasu tsofaffin talabijin ba sa buɗe shi.

MKV, wanda cikakken sunansa Matroska, ya fara ne a 2002. Ba mallakin wani kamfani ba ne, kuma yana ɗaukar kusan kowane kodek tare da layukan sauti da fassara masu yawa. Ya dace da ajiya, sai dai ba duk manhajojin tacewa ke karɓar sa kai tsaye ba.

AVI na Microsoft ne, tun 1992, haka ma WMV da ya zo daga baya. Za a ci karo da su a tsofaffin kwamfutoci, amma babu dalilin fitar da sabon aiki da su. 3GP kuwa an tsara shi ne domin wayoyin da, masu ƙaramin allo da ƙaramar ma'ajiya, kuma hotonsa kan dagule a babban allo.

Kodek ɗin da za a zaɓa

H.264, wanda ake kuma kira AVC, an kammala shi a 2003 ta haɗin gwiwar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, da kwamitin ƙwararru na MPEG. Kusan kowace na'urar da aka ƙera a shekaru goma sha biyar da suka wuce tana karanta shi. Haɗin MP4 da H.264 da sautin AAC shi ne zaɓin da ya fi aminci ga bidiyon da za a raba wa dangi.

H.265, ko HEVC, ya biyo baya a 2013. Yana ba da inganci makamancin na H.264 a fayil mai ƙarancin girma, wani lokaci kusan rabi. Matsalarsa ita ce tsofaffin talabijin da kwamfutoci da ƙananan wayoyi ba sa iya buɗe shi, ko kuma ya riƙa sarƙewa. Tun daga 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗauka da shi, sai dai idan mai waya ya shiga saitin kyamara ya zaɓi Most Compatible. AV1, wanda gamayyar manyan kamfanonin fasaha ta fitar a 2018, ya fi su matsewa, amma na'urorin da ke karanta shi ba su yawaita a gidaje ba tukuna.

Akwai kuma kodek na ƙwararru, kamar ProRes da Apple ya fitar a 2007, wanda matsewarsa kaɗan ce ƙwarai, da FFV1 wanda ba ya zubar da komai, kuma ma'aikatun adana kayan tarihi da dama na amfani da shi a cikin mazubin MKV. Fayilolinsu na da girma sosai, domin awa ɗaya kan ci gigabait masu yawa. Sun fi dacewa da situdiyo da cibiyoyi fiye da gidaje.

Lambobi uku da ke kan allon fitarwa

Na farko shi ne girman hoto. 1080p na nufin ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, 720p na nufin 1280 da 720, 4K kuwa 3840 da 2160. Ƙa'idar ita ce a fitar da kwafin ajiya a girman da aka ɗauka. Ƙara girman hoton da aka ɗauka a 720p zuwa 4K yana ƙara nauyin fayil ne kawai, ba ya ƙara masa kyau.

Na biyu shi ne adadin hotuna a daƙiƙa. Najeriya na bin tsarin talabijin na PAL mai hotuna 25 a daƙiƙa, wanda ya dace da wutar lantarkin ƙasar mai juyi 50 a daƙiƙa. Amurka na bin tsarin da ya kusa 30, kuma yawancin wayoyi da 30 suke ɗauka idan ba a sauya musu ba. Wannan saɓani ne kan sa a ga fitilun zauren biki suna ƙyaftawa a wasu bidiyoyi. Wajen fitarwa, a bar adadin yadda aka ɗauka, domin mayar da 30 zuwa 25 yana sa motsi ya riƙa tsalle. Idan kyamarori biyu ko uku za su ɗauki taro ɗaya, a daidaita su tun kafin a fara.

Na uku shi ne bitiret, wato yawan bayanan da aka ware wa kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da megabit. Shi ne ke ƙayyade inganci da girman fayil. YouTube na ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080p, da 5 ga 720p, da 35 zuwa 45 ga 4K. Lissafin girman fayil mai sauƙi ne: a ninka bitiret da 0.45, sai a samu gigabait na awa ɗaya. Ke nan megabit 8 zai ba da kimanin gigabait 3.6 a awa, megabit 20 kuwa gigabait 9. Taron da ke da motsi da yawa, kamar hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Gombe, inda dawakai da ƙura da ado masu launi suka cika hoto, yana buƙatar bitiret fiye da na wa'azi ko jawabin da mai magana ke zaune wuri ɗaya.

Asarar da ba ta dawowa

H.264 da H.265 suna rage girma ne ta hanyar zubar da bayanan da ido ba ya saurin lura da su. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo, sai a sake zubar da wani abu, kamar yadda fotokwafin fotokwafi ke dusashewa. Abin da aka zubar kuwa babu manhajar da za ta dawo da shi yadda yake.

Wannan ya shafi hanyar da aka fi bi wajen raba bidiyo a yau. Idan aka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar na matse shi domin rage cin data. Wanda ya goge na asali ya dogara da wanda ya dawo masa daga zauren dangi, ya riƙe kwafi mafi rauni ke nan. Hanyar kauce wa haka ita ce tura fayil ɗin a matsayin Document, wanda ke isa yadda yake, kuma tun 2022 manhajar ke karɓar fayil har gigabait 2 ta wannan hanya.

Saboda haka, kwafin ajiya ya kasance a girman asali, da adadin hotunan asali, da bitiret mai yawa, misali megabit 20 zuwa sama ga 1080p. Daga gare shi ake ciro kwafin rabawa a 720p ko 1080p, kuma ba a juya tsarin. Ainihin hotunan da kyamara ta ɗauka kafin tacewa su ma sun cancanci ajiya, domin gaisuwar wata tsohuwa da mai tacewa ya yanke saboda tsawo za ta iya zama abin da iyali za su fi nema bayan rasuwarta.

Manhajar HandBrake na yin ƙaramin kwafi daga babba, VLC na buɗe kusan kowane tsari, MediaInfo kuwa na nuna mazubi da kodek da bitiret na kowane fayil. Dukkansu kyauta ne a kwamfuta.

Tarkon gigabait 4

Filash da katin memori da dama na zuwa ne da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da kuwa filash ɗin na gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki. Bidiyon awa ɗaya a megabit 10 ya riga ya wuce wannan iyaka. Mafita ita ce a mayar da filash ɗin tsarin exFAT, bayan an kwashe abin da ke ciki domin sauyin na goge komai. Tun da wasu tsofaffin talabijin FAT32 kaɗai suke ganewa, ana iya raba bikin kashi-kashi: kamu daban, ɗaurin aure daban, walima daban.

Tsofaffin faifai da kaset

Abin da ke kan VCD da DVD ya riga ya zama fayil, don haka kwafe shi ake yi kai tsaye. A VCD, bidiyon na cikin jakar MPEGAV da sunan da ya ƙare da DAT, kuma girman hotonsa 352 da 288 ne. A DVD, yana cikin jakar VIDEO_TS, a fayilolin VOB masu girman hoto 720 da 576. A kwafe jakar gaba ɗaya a ajiye ta a matsayin asali, sannan a yi MP4 daga gare ta domin kallo. Haka kuma a kula da fasalin hoton: tsohon bidiyo mai ma'aunin 4:3 idan aka miƙe shi ya cika allon 16:9, fuskoki kan baje.

Kaset ɗin MiniDV ana kwashe shi ne ta wayar FireWire ba tare da asara ba, kuma awa ɗaya kan ci kimanin gigabait 13. VHS kuwa sai an kunna shi daga farko zuwa ƙarshe ta na'urar da ke mayar da hoto zuwa kwamfuta, don haka kaset na awa uku awa uku zai ɗauka. Kada a jefar da kaset bayan an kwafe shi.

Jinkiri na da haɗari a yanayi irin na Gombe. Zafin watannin Maris da Afrilu, wanda kan kai digiri 40, da ƙurar hunturu, da danshin damina, duk suna cin kaset da faifan da aka buga a kwamfuta, domin rinin da ke riƙe bayanan irin wannan faifai yana lalacewa da zafi da hasken rana.

Inda za a ajiye

Masu adana bayanai na bin ƙa'idar kwafi 3, a kan na'urori iri 2, tare da 1 a wani wuri daban. Ga iyali, wannan na iya zama kwamfuta, da rumbun ajiya na waje, da kwafi ɗaya a gidan ɗan'uwa ko a intanet. Filash ba wurin ajiyar shekaru ba ne, domin yana iya rasa bayanai idan ya daɗe ba a jona shi ba, ga kuma na jabu masu nuna girman da ba su da shi.

Ajiyar intanet ma na da sharuɗɗa. Google na ba da gigabait 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma tun Disambar 2023 kamfanin na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Ya dace wani amintacce a gida ya san inda kwafin yake da yadda ake shiga. Sunan fayil ma ya ƙunshi shekara da wata da rana da irin taron da unguwa, maimakon lambobin da kyamara ke bayarwa.

Akwai kuma batun sirri. Bidiyon kamu da sauran tarukan mata ba na kowa ba ne, kuma kwafinsa kan zauna a kwamfutar shago bayan an gama aiki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu sarrafa bayanan mutane alhakin kiyaye su. Ya kamata iyali su yi magana da mai ɗauka tun farko a kan tsawon lokacin da zai riƙe hotunan, da kuma cewa ba zai sa su a shafukan talla ba sai da izini.

Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, har sai da aka gano ainihin zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Gyaran ya yiwu ne saboda asalin ya tsira. Hukumar UNESCO ta ware ranar 27 ga Oktoban kowace shekara domin tunatarwa a kan adana hotuna da sautukan tarihi, kuma iyalai za su iya ɗaukar ta a matsayin ranar duba ajiyarsu.

Kafin a biya mai ɗaukar bidiyo cikon kuɗinsa, abubuwa huɗu ne ya kamata a karɓa ko a tabbatar: kwafin ajiya a girman da aka ɗauka, kwafin rabawa na MP4 mai H.264, ainihin hotunan kyamara idan an yi yarjejeniya a kansu, da kuma gwada fayil ɗin daga farko zuwa ƙarshe a talabijin ko wayar da za a riƙa kallonsa a gida.